Dutse da Karkara a Zuben Hausa: Nazari daga Ƙasar Gwarzo da Kabo

1.0 Gabatarwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin manazarta adabin Hausa, wai marubucin zube na Hausa ba shi da idon kallon ƙasa. Abin da ake nufi shi ne, idan tauraron labari ya tashi daga wani gari zuwa wani, ba a gaya wa mai karatu abin da ke tsakanin garuruwan biyu; sai dai a ce ya yi ta tafiya, yau da gobe, har ya isa. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan magana da ma'auni guda, watau ƙasar Gwarzo da Kabo da ke yammacin Kano. An zaɓi wannan yanki ne domin daga cikinsa aka sami ɗaya daga cikin marubutan ƙagaggun labarai na farko, kuma sunayen garuruwansa sun fito a tsofaffin rubuce-rubucen tarihin Kano. Har ila yau ƙasa ce mai abin kallo, saboda haka in an rasa siffarta a rubuce, ba za a ce rashin abin siffantawa ne ya jawo ba.

2.0 Abin da ke ƙasa

Wanda ya fita Kano ta Kabuga ya bi hanyar Gwarzo, zai wuce Rimin Gado da Garo kafin ya cika kilomita wajen 70 da ke tsakanin birni da Gwarzo. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Dayi a ƙasar Katsina. A mota tafiyar ba ta nuna kome sai gonaki. Mai tafiya a ƙasa kuwa, wanda ya bar kwalta ya bi burtali, shi ne zai lura da yadda ƙasar ke hawa da sauka, da yadda duwatsu ke ɓullowa jefi-jefi a tsakiyar gonaki. Waɗannan duwatsu sun bambanta da Dala da Gwauron Dutse na cikin birni, waɗanda kansu na marmara ne. Na yamma galibi dutse ne tsantsa, wani falale shimfiɗe kamar tabarma, wani kuwa curi-curi, an ɗora wannan bisa wancan.

A gindin irin wannan dutse noma ba ya tsayawa sai inda garma ta ƙi shiga. Dawa da gero da wake a tudu, gyaɗa a jigawa, rake da kayan lambu a fadama. Cikin gonakin ga ɗorawa da kuka da tsamiya da kaɗanya da gawo, kowace da mai ita, kowace da dalilin da ya sa aka bar ta. Wannan tsari na itatuwa a cikin gona shi ne ya ja hankalin Michael Mortimore da ya yi nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, kuma ya miƙa har wannan yanki. Hanya ɗaya kuma takan sake kama sau da yawa a shekara. A marka, karan dawa yakan rufe ta har mutum bai ga dutsen da ke gabansa ba. Da kaka falalen ya zama wurin shanya da sussuka. Da hunturu hazo ya shafe kan dutsen, gawo kuwa, da ya tsaya tsirara duk damina, sa'an nan ne ya yi ganye. An kuma ƙara wa ƙasar abin da marubutan farko ba su gani ba, watau madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga da Pada, da babbar madatsar Challawa ta wajen Ƙaraye.

3.0 Abin da ke rubuce

A gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, an sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Jiki Magayi na John Tafida da East, sai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Na ƙarshen nan shi ya fi dacewa da wannan nazari, kuma shi ne manazarta suka fi yi wa ƙauron baki. Labari ne na ɓarayi da dabarunsu, yadda suke cutar mutane da yadda suke cutar juna. Ɓarawo kuwa, in akwai wanda ya kamata ya san ƙasa, shi ne: ina duhuwa, ina kwazazzabo, ta ina ake ɓullewa. Duk da haka ƙarfin littafin yana cikin zance da makirci ne. Wuri yana zuwa ne gwargwadon bukatar dabara, da zarar dabara ta ƙare an bar shi. Mai karatu zai rufe littafin ya san halin mutanen sarai, amma da wuya ya iya zana ƙasar da suka taka.

Ba Muhammadu Gwarzo kaɗai ba ne. A Ruwan Bagaja garuruwa tashoshi ne na barkwanci tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, tafiyar da ke tsakaninsu jimla ɗaya ce ko biyu. Shaihu Umar ya ɗan fi sauran, amma a lura da inda ya fi: hamada ta samu siffa sosai ne a lokacin da guguwar rairayi ta taso ta halaka ayari. Watau ƙasa tana shiga labari ne idan ta aikata wani abu. In tana kwance lafiya, ba a ambatonta.

Labaran tafiye-tafiye ma, waɗanda ake sa ran su cike giɓin, sun fuskanci waje ne. Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam labarin zuwansa Ingila ne a 1943, Motsi Ya Fi Zama na Aminu Kano shi ma ƙasar Turai ya nufa. A wurin marubutan wannan zamani, abin da ya cancanci tawada shi ne abin da mai karatu bai taɓa gani ba. Hanyar Getso ko ta Kutama kowa ya san ta, don me za a rubuta?

To, in aka tsaya nan, sai a ce maganar da aka fara da ita ta tabbata. Amma akwai gyara.

4.0 Dutse a matsayin mai aiki

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, aka kuma sami Hausarsa a Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da duwatsu ya buɗe. Dala mazaunin Barbushe ne, manyan mutanensa kuma kowane an danganta shi da wurinsa, wasu daga ciki duwatsu ne sanannu har yau. Santolo ta daɗe tana gagarar sarakunan Kano har zamanin Yaji, a ƙarni na 14. Ba a faɗi launin waɗannan duwatsu ko kyansu da hantsi ba, amma ba wanda zai karanta littafin ya ce marubucinsa bai ga dutse ba. Ya gan shi a matsayin mazaunin iskoki, da mafaka, da kagara, da tushen iko.

Haka abin yake a Taƙyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi, wanda aka rubuta a 1868, Ibrahim Ado-Kurawa kuma ya fassara a 1989. Wannan littafi ya shafi yankin da ake magana kai tsaye, gama a yammacin Kano ne jama'ar jihadi suka taru, a Kwazazzabon 'Yar Kwando, zamanin Sarki Alwali. Daga nan labari ya bi ta Gammo da Kabo da Masanawa da Godiya har Ƙaraye. Gammo da Masanawa da Godiya duk suna nan yau cikin ƙaramar hukumar Kabo. Zangi bai tsaya siffanta ko ɗaya ba. Amma sunan sansanin kansa siffa ce cikakkiya. Bakano na ƙarni na 19 da ya ji an ce kwazazzabo, ya riga ya ga wurin: zaizayayyar ƙasa mai zurfi, mai wuyar shiga ga doki, mai sauƙin ɓuya ga na ƙasa. Kalma ɗaya ta yi aikin da marubucin Turai zai yi da shafi guda, kuma ta bayyana dalilin zaɓen wurin ba tare da an ce uffan ba.

Wannan shi ne abin da masu waccan magana suka tsallake. Sun nemi siffantawa a cikin jimla, alhali Hausa ta ajiye mafi yawanta a cikin suna. Rimin Gado, Unguwar Tudu a Gwarzo, Dutsen Bakoshi a Shanono maƙwabciyarta, duk taswira ce a baki. A dubi kuma yawan kalmomin da manomi ke rarrabe ƙasa da su: tudu, tsauni, fa, jigawa, faƙo, fadama, kwari, ƙorama, marmara, burji, saura, labi. Ba ɗaya daga cikinsu da ke nufin kyau ko muni. Kowace tana faɗin abin da wurin zai yi ko ba zai yi ba: faƙo ba ya shan ruwa, jigawa tana son gyaɗa, saura an noma ta an bari ta huta. Mutanen da ke da irin wannan ƙamus ba za a ce ba su da ido ba.

Yana da amfani a tuna cewa ko a Ingila, tafiya a ƙasa domin kallon tsaunuka kawai ba tsohuwar al'ada ba ce. Ta yaɗu ne wajen ƙarshen ƙarni na 18, zamanin su Wordsworth, kuma galibi tsakanin waɗanda ba su ne ke noma ƙasar ba. Raymond Williams ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1973 kan karkara da birni, inda ya nuna cewa kallon ƙasa a matsayin hoto yana bukatar mai kallo ya ja da baya daga aikinta. Shi ya sa Heinrich Barth, da ya shigo Kano daga Katsina a watan Fabrairu na 1851, ya cika shafuka da yabon itatuwa da gonakin da ya ratsa. Baƙo ne, ba ya da ko kunya ɗaya a cikinsu. Bahaushe kuwa in ya kama hanya, fatauci ne, ko cin rani, ko almajiranci, ko zumunci, ko cin kasuwa. Wanda aka gani yana zagaya dutse ba da dalili ba, tambayarsa za a yi ko lafiya.

5.0 Inda zargin ya tsaya da ƙafarsa

Duk da wannan kariya, ba a wanke zuben Hausa gaba ɗaya ba. Hikimar taƙaitawa tana aiki ne muddin marubuci da mai karatu sun yi tarayya a sanin ƙasar. Zangi ya rubuta wa mutanen da suka san kwazazzabo da ƙafafunsu. Ɗalibin da ya tashi a Fagge ko Gwammaja, wanda ya san Gwarzo ta tagar mota, kalmar ba ta buɗe masa kome. Malaman makarantun sakandare sun san wahalar bayyana wa aji bambancin faƙo da jigawa. Abin da a da ya zama ƙarfin salo, yanzu ya zama rami a tsakiyar shafi.

Marubutan da suka zo daga baya kuma ba su cike ramin da ƙasar gida ba. A yawancin littattafan soyayya da suka yawaita a Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, in an tashi siffanta wuri, lambu ne mai furanni da ciyawa shararriya da tsuntsaye masu kuka, irin wanda aka aro daga finafinan Indiya. Ana iya karanta littafi goma ba a gamu da gawo ko ɗaya ba. Wannan ya fi shirun Idon Matambayi illa, gama shi Muhammadu Gwarzo ya bar ƙasar yadda take ne, waɗannan kuwa sun kawar da ita sun dasa wata.

Abin mamaki, misali mafi kyau na yadda za a yi ya fito ne daga bakin wadda ba ta yi karatun boko ba. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta tsakanin 1949 da 1950 aka buga da Ingilishi a 1954, ta tashi ne a Karo da Zarewa, kudu da yankin da ake magana, kusa da iyakar Kano da Zazzau. Ita ma ba ta tsayawa ta yaba wa ƙasa. Amma da yake tana yi wa baƙuwa bayani ne, dole ta warware abin da ɗan gida zai dunƙule: ina rinji yake daga gari, ta ina mahara ke ɓullowa, ina ake gudu a ɓuya, wace hanya amarya ke bi zuwa gidan miji. Sai ga karkarar Kano ta fito fili, da nisanta da tsoronta da aikinta, ba tare da an ari idon kowa ba. Samuwar matanin Hausa na wannan littafi daga baya ya ba manazarta damar duba yadda ta sarrafa kalmomin da kanta, kuma har yanzu wannan fanni na littafin bai sami nazarin da ya kamace shi ba. An fi karanta shi domin aure da zumunta da bauta.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Burtalin da ya ba mai tafiya hanya yana ƙanƙancewa, gonaki suna cinye shi daga gefe biyu. Duwatsun karkarar Kano da dama sun zama wuraren fasa tsakuwa domin gine-ginen birni, kuma dutsen da aka fasa sunansa yakan bi shi. A kowane gari na Gwarzo da Kabo akwai dattawan da za su iya lissafa sunan kowane fa da kowace ƙorama da ke tsakaninsu da gari na gaba, su faɗi wanda ake shanya a kai da wanda ba a hawa da tsakar rana. Ɗalibin da ya ɗauki Taƙyidul Akhbar ya bi sawunsa da ƙafa daga Gammo zuwa Godiya, yana tambaya yana rubutawa, zai dawo da kundin da zai amfani mai nazarin tarihi da mai harhaɗa ƙamus da mai koyar da ƙagaggen labari baki ɗaya.