Kashe karnukan unguwa ba ya kare mu daga cutar haukan kare

Wataƙila ka taɓa ganin yadda abin yake faruwa. Kare ya ciji yaro a hanyar makaranta ko a bakin rijiya, kafin ka ce kwabo samari sun fito da sanduna da duwatsu, an bi shi lungu-lungu har an kashe. Idan aka yi rashin sa'a, bayan wata biyu yaron ya fara firgita, ya kasa haɗiyar ruwa, ya rasu, sai ka ji sanarwa: duk karen da aka gani yana yawo a harbe shi ko a sa masa guba. A yi kwana uku ana kwasar mushen karnuka, hankalin jama'a ya kwanta, magana ta mutu. Bayan shekara ɗaya ko biyu a sake binne wani yaron.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan ba. Ita ce dokar da hukumomin garuruwa da yawa a Afirka da Asiya suke fara ɗaukowa duk lokacin da cizon kare ya tayar da hankali. Kuma ba za ka ga laifin mai neman a yi hakan ba, domin tsoron na gaske ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke ɗaukarta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu wanda yake tashi.

Matsalar ita ce an gwada kisan karnuka a wurare da dama, an ƙirga sakamakon, kuma bai hana cutar ba. Bari mu duba dalili.

Lissafin da ake mantawa da shi

Hankali yana ba ka cewa idan karnuka suka ragu, cutar ma za ta ragu. Masu bincike sun auna wannan tunanin. A wani aiki da Katie Hampson da abokan aikinta suka wallafa a 2009, sun bi sawun mahaukatan karnuka a yankunan Serengeti da Ngorongoro na ƙasar Tanzaniya gida-gida, suna tambayar wane kare ne ya ciji wane. Suka gano cewa mahaukacin kare guda, a matsakaici, karen da yake sa wa cutar bai wuce ɗaya da 'yan kai ba kafin ya mutu. Da suka kwatanta da ɓarkewar cutar a wasu ƙasashe, sai suka ga adadin bai cika kaiwa biyu ba, ko a inda karnuka suke da yawa ko a inda suke kaɗan. Mahaukacin kare yana gudu ne, yana cin nisa, yana cizon abin da ya tarar. Ko ka rage karnukan gari da rabi, zai samu wanda zai ciza.

To ɗauki wannan lissafin. A ce mahaukatan karnuka 10 za su ciji wasu 12 su sa musu cutar. Idan 7 cikin kowane karnuka 10 na garin an yi musu allurar rigakafi, cikin 12 ɗin nan uku ko huɗu ne kawai za su kamu. Su kuma waɗannan ba za su wuce sa wa ɗaya ko biyu ba. Kafin a je ko'ina cutar ta rasa mai ɗaukarta, ta mutu da kanta. Daga nan aka samo ƙa'idar da likitocin dabbobi suke yawan faɗa, ta yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnuka allura duk shekara. A lissafi, ƙasa da haka ma zai iya isa. Ana neman 70 ne saboda karnukanmu ba sa daɗewa a duniya: wasu su mutu, a haifi sababbi, kafin shekara ta zagayo adadin masu rigakafin ya sauka sosai.

Yanzu ka ga inda kisa yake ɓata aiki. Karen da yake saurin shiga hannun masu harbi shi ne wanda ya saba da mutane, wato irin wanda ya fi yiwuwa an taɓa yi masa allura. Ka kashe shi, mai shi ya je wani ƙauye ya samo ɗan kwikwiyo marar rigakafi, wataƙila ma da cutar a jikinsa ba ta bayyana ba tukuna. Wani kuma da ya ji labarin masu harbi, sai ya ɗauke nasa ya kai wa ɗan'uwansa a wani gari. Ga juji da mayanka suna nan da abincinsu, karya kuwa wata biyu take yi da ciki ta zubo 'ya'ya. Ba a daɗe ba karnuka sun dawo yadda suke, sai dai yanzu marasa rigakafi sun fi yawa. Idan da guba aka yi aikin, ƙara da ungulu da kyanwa da kajin mutane da za ta kwashe, ban da haɗarin yaran da suke wasa a juji.

Abin da ya faru a Bali da Ndjamena

Tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya ba shi da cutar haukan kare sai a 2008. Da ta shigo, hukumomi suka ba da ƙarfi a kan kisa, har da amfani da guba, aka hallaka karnuka dubbai. Duk da haka cutar ta bazu ko'ina a tsibirin, kuma a 2010 kaɗai mutum fiye da 80 suka rasu. A ƙarshen shekarar aka fara gangamin yi wa karnukan tsibirin allura gaba ɗaya, aka kai kusan kashi 70 cikin 100. Zuwa 2012 waɗanda cutar ta kashe ba su kai 10 ba. Daga baya da aka yi sakaci da allurar, cutar ta sake ɗago kai, wanda shi ma darasi ne.

Kada ka ce ai wannan can nesa ne. A Ndjamena, babban birnin Chadi, an yi gangamin allura kyauta a 2012 da 2013, kowanne ya kai fiye da kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin. Masu binciken, daga cibiyoyin Chadi da na Suwizalan, sun nuna cewa yaɗuwar cutar tsakanin karnuka ta tsaya cik na tsawon watanni a 2014. Da ta dawo, binciken ƙwayar cutar ya nuna daga wajen birnin aka shigo da ita.

Akwai abubuwa biyu kuma da aka koya a Ndjamena waɗanda suka shafi doka kai tsaye. Na farko, karnukan da ake gani suna yawo a titi, mafi yawansu suna da iyayen giji. Marasa kowa 'yan kaɗan ne. Na biyu, lokacin da aka gwada sa masu karnuka su biya wani ɓangare na kuɗin allura, waɗanda aka yi wa ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wato dokar da ta ce "kowa ya kai karensa a yi masa allura" ta tsaya nan, ba a kawo allurar unguwa ba, ba a sauƙaƙa kuɗinta ba, takarda ce kawai.

Ƙasashen kudancin nahiyar Amurka ma ta wannan hanyar suka bi tun daga 1983, kuma a 2019 WHO ta tabbatar da cewa Meziko ta kawar da haukan kare da mutane suke ɗauka daga karnuka. Karnuka suna nan a titunan Meziko har gobe.

Karen da ya yi cizo: me ya sa ake cewa a tsare shi kwana 10?

Nan ne kisan gaggawa yake cutar da wanda aka ciza shi kansa. Ƙwayar cutar tana bin jijiyoyi ne a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, sai daga nan ta sauko cikin yawu. Saboda haka karen da yawunsa yake ɗauke da cutar a ranar da ya yi cizo ya riga ya kusa mutuwa. Cikin kwana 10 zai nuna alamu ko ya mutu. Idan an ɗaure shi a wuri mai tsaro, ana ba shi abinci da ruwa, ya cika kwana 10 lafiya lau, an san bai sa wa kowa cutar ba a wannan cizon. Idan kuwa aka farfasa masa kai aka jefa a rami, an binne amsar tare da shi.

Ka lura da kyau: ba cewa ake a zauna jiran kwana 10 kafin a nemi magani ba. Wanda aka ciza a wanke masa ciwon nan take da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti a fara masa allurar bayan cizo a ranar. Tsare karen yana taimaka wa likita ne ya san ko za a ci gaba da sauran alluran ko za a iya tsayawa.

Shi kuwa karen da ya fito da alamun hauka a fili, yana cizon duk abin da ya gani, yawu na zuba, muryarsa ta sauya, babu maganar lallashi. A kashe shi, domin babu magani, kuma kama shi haɗari ne. Amma kada a taɓa kansa, kada a feɗe shi, kada a ɗauke shi da hannu ba kariya. A kira likitan dabbobi, domin da ƙwaƙwalwar ake gwaji, a wurare irin su Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato. Sannan a bincika waɗanne karnuka da mutane ya ciza kafin a cim masa.

Karen da lafiyarsa ƙalau amma mugu ne fa?

Ba kowane cizo ne na hauka ba. A biranenmu yanzu ana ƙara ajiye manyan karnukan gadi na waje, kuma idan irin waɗannan suka kuɓuce, rauni ɗaya ya isa ya kashe yaro. Abin da akan fara cewa shi ne a haramta irin karen baki ɗaya. Birtaniya ta yi haka a 1991, ta haramta nau'i huɗu, ciki har da Pit Bull, kuma da siffar jiki ake yanke hukunci, ba da halin karen ba. A 2018 wani kwamitin majalisar dokokin ƙasar ya ba da rahoton cewa waɗanda ake kwantarwa a asibiti saboda cizon kare sun ƙaru da kashi 81 cikin 100 tun daga 2005. Masu son mugun kare sun koma wasu nau'o'in, har a 2024 aka ƙara XL Bully cikin jerin. Ƙasar Holan kuwa, wadda ta haramta Pit Bull a 1993, ta soke dokar a 2008 da ta ga cizon bai ragu ba.

Gaskiya ne girma da ƙarfin kare suna da tasiri. Cizon babban kare ba ɗaya yake da na ƙarami ba. Amma wannan hujja ce ta tsananta sharuɗɗan ajiye shi: katanga da ƙofa mai kulle, igiya da takunkumi idan za a fita da shi, da hukunci mai nauyi a kan mai shi idan ya yi ɓarna. Birtaniyar ma a 2014 ta koma kan wannan, ta sa dokar ta shafi cizon da aka yi a cikin gida, ta kai hukuncin mai karen da ya kashe mutum har shekara 14 a kurkuku.

To wace doka ce za ta yi aiki?

A duka biyun kuskuren ɗaya ne: an bar jaki ana dukan taiki. Kare ba ya karanta sanarwa. Mai shi ne yake ji. Dokar gari mai amfani za ta fara da sanin wa yake da kare, kuma wannan ba ya buƙatar kwamfuta, littafin mai unguwa ya isa. Za ta kawo allura kyauta unguwa-unguwa da ruga-ruga sau ɗaya a shekara, a sa wa wanda aka yi wa alama a wuya, a haɗa kai da mafarauta da makiyaya tunda su ne masu karnuka da yawa kuma su ne suka iya riƙe su. Za ta tanadi wurin tsare karen da ya yi cizo, ta ɗora wa mai shi kuɗin maganin wanda aka ciza. Za ta nemi shaidar allura ga karen da aka shigo da shi daga wani gari, ta kuma kula da juji da mayanka. Kisa yana da gurbinsa a ciki, ga karen da ya haukace ko wanda ya gagari kowa, ba ga duk mai ƙafa huɗu ba.

Za ka iya cewa wannan ya fi harbi tsada da wahala. Haka ne a shekarar farko. Sai dai allurar kare guda ba ta kama ƙafar kuɗin alluran mutum ɗaya da aka ciza ba, kuma harbin ai duk shekara ake maimaita shi ba tare da an ga ƙarshensa ba. Ƙasashen duniya sun sa wa kansu wa'adin 2030 na kawo ƙarshen mutuwar mutane daga haukan kare, kuma ba da harsashi suka tsara kaiwa can ba.

Saboda haka ran da aka sake yin sanarwar kashe karnuka a garinku, ka yi wa kansila ko mai unguwa tambaya biyu: karnuka nawa aka yi wa allura bana, kuma a wane asibiti mafi kusa ake samun allurar bayan cizo? Idan kana da kare, kai shi wurin likitan dabbobi tun yanzu. Yaranka kuma ka gaya musu ko ƙarzuna ce kare ya yi musu, su faɗa a gida, ba za a doke su ba.