George Mpanga: Tsokaci Kan Mawaƙin da Takarda Ta Yi wa Kaɗan

Akwai wata tambaya da ba ta rabuwa da tarukanmu na marubuta, musamman daga bakin masu tasowa, wato shin mutum yana amsa sunan marubuci in bai buga littafi ba? Maimakon mu sake jan wannan muhawara da fatar baki, mun ga ya dace mu ɗauki mutum guda mu auna aikinsa. Wanda muka zaɓa shi ne George Mpanga, wanda aka fi sani da George the Poet, mawaƙi kuma marubuci ɗan ƙasar Birtaniya.

An haife shi a Landan a 1991, iyayensa 'yan asalin Yuganda ne, ya kuma tashi a rukunin gidajen talakawa na St Raphael's da ke arewa maso yammacin birnin. Tun yana ɗan makaranta ya fara waƙar gambarar zamani irin ta samarin unguwarsu. Da ya shiga Jami'ar Kambirij a 2010 don nazarin siyasa da halayyar ɗan'adam da zamantakewa, sai ya rage gudun harshensa, ya koma rera baitoci a tsanake yadda kowace kalma za ta isa kunne. Bayan kamfanin Island Records ya ɗauke shi, a 2014 ya fitar da ɗan faifansa The Chicken and the Egg, mai jigon haihuwar ƙuruciya da tasowar yara babu uba a gida. A 2015 ya zo na biyar a jerin sabbin mawaƙan da BBC ke hasashen za su haskaka, a shekarar ce kuma ya buga diwaninsa, Search Party.

Mu fara da diwanin, tunda shi ne ya fi kusa da sana'armu. A gaskiya ba shi ne abin da za a tuna George da shi ba. Baitocin da ke girgiza zauren taro in ya rera su, da aka kwantar da su a takarda sai suka yi sanyi. Dalili kuwa a bayyane yake: rabin ma'anarsu tana cikin numfashinsa, inda yake tsayawa da inda yake jan murya, kuma babu alamar rubutun da za ta ɗauki wannan. Mai karatu sai ya rage da amsa-amo da nasiha, nasihar ma sau da yawa ta fito ƙarara tamkar jawabin bikin yaye ɗalibai. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin duk wanda ya ji Aƙilu Aliyu yana rera waƙarsa sannan ya karanta ta a littafi ya san akwai abin da ke zubewa a hanya.

Bai daɗe da kamfanin faifan ba ya raba gari da su. A 2018 ya ɓullo da abin da muke ganin shi ne ainihin aikinsa na adabi, wato Have You Heard George's Podcast?, shirin sauti da ake saurara ta intanet, wanda ake kira fodkas. Galibin irin waɗannan shirye-shirye hira ce kawai ta mutum biyu ko uku a gaban makirfo. Nasa rubutacce ne tun daga farko har ƙarshe, yawancinsa da amsa-amo, an cuɗa wasan kwaikwayo da sharhin siyasa da tarihi da waƙa, ga kuma kiɗan da abokin aikinsa Benbrick ke tsarawa daidai da tafiyar zancen. Amsa-amon da ya zame masa nauyi a takarda, a nan shi ne igiyar da ke jan mai sauraro daga wannan hujja zuwa waccan ba tare da ya gaji ba.

Alal misali, mu duba kashin da ya yi kan gobarar Grenfell, benen nan mai hawa 24 da ya ƙone a Landan ranar 14 ga Yuni 2017, mutum 72 suka rasu, bayan mazauna sun sha kokawa kan rashin kariya daga wuta. Ƙaramin marubuci da alƙaluma da zagin hukuma zai fara. George ya ƙagi labarin wata malamar makaranta, ya bar mu muka saba da ita, da wahalar aikinta da rikicin gidanta, kafin wutar ta zo. Ko da ta zo, asarar ta riga ta zama tamu. Haka ya yi a Sabrina's Boy, inda ya bi rayuwar mawaƙi 50 Cent ta hanyar mahaifiyarsa, wadda ta rasu yana ɗan shekara 8, ya ɗaura wannan maraici da annobar hodar iblis da manufofin gwamnatin Reagan a Amurka. Shirin ya kwashi lambobi 5 a gasar fodkas ta Birtaniya a 2019, a 2020 kuma ya zama fodkas na farko daga wajen Amurka da ya sami lambar Peabody.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. George yana da son zama tauraro a labarinsa. Akwai kashe-kashen da ya shafe yana zagaya cikin ƙwaƙwalwarsa, yana muhawara da kansa, har mai sauraro ya ƙosa a koma ga mutane. Kuma malamin da ke cikinsa bai cika yarda labari ya yi aikinsa shi kaɗai ba, sai ya biyo baya da fashin baƙi.

Akwai kuma batun da masu sukarsa ba su bari ya wuce. A 2018 da waƙarsa BBC ta buɗe shirinta na bikin auren Yarima Harry da Meghan. A 2019 sai ya bayyana a fodkas ɗinsa cewa ya ƙi karɓar lambar girmamawa ta MBE, wadda sunanta ke ɗauke da Daular Birtaniya, saboda ɓarnar da mulkin mallaka ya yi wa Afirka. Mu dai ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin Luggan da ya shiga Buganda a 1890 shi ne wanda dakarunsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Wasu sun kira lamarin George tufka da warwara. A namu ganin, abin lura shi ne inda ya zaɓa ya faɗi maganar: a cikin aikin kansa, inda ya amsa cewa da farko ya yi niyyar karɓa.

Littafinsa na 2024, Track Record: Me, Music, and the War on Blackness, ci gaban wannan bincikar kai ne, a zube. Hujjarsa ita ce masu jari sun mayar da kiɗan baƙar fata haja, suna cin riba daga raɗaɗin al'ummar da ta haife shi, bai kuma tsame kansa daga zargin ba. Littafin ya fi diwanin nauyi nesa ba kusa ba, ya kuma fi fodkas ɗin zafin harshe. Amma inda ya shiga tarihin mulkin mallaka da tattalin arziki, yakan yi gudu a kan abin da ya kamata ya zauna, kuma babu kiɗan Benbrick da zai rufe giɓin. Wanda zai fara sanin George, mu dai kashin Grenfell za mu miƙa masa kafin kowanne daga cikin littattafan biyu.