Jinjina Ga Mai Hoton Unguwarmu

Kafin wayar hannu ta mai da kowa mai hoto, akwai mutumin da ba a zuwa gabansa sai an yi wanka an ci ado. A shekarun 1980 shagonsa a Fagge ɗaki biyu ne kacal. A na gaba ga labule mai zanen jirgin sama, ga furen roba, ga tarho marar waya da 'yan mata ke karawa a kunne. Ran Sallah layi har bakin titi.

"'Yata, ɗaga haɓa kaɗan, kada ki ƙifta." Sai ya sunkuya ya leƙa kyamararsa Yashica ta sama. Fim ɗin hoto 12 kawai yake ci, don haka ba ya dannawa sai ya tabbata.

Babban aikin yana ɗakin ciki, ƙarƙashin jan ƙwan lantarki: ya tsoma takarda cikin ruwan magani, fuska ta riƙa bayyana sannu a hankali, ya ɗauraye, ya shanya a igiya. Maniyyata da masu neman aiki, duk shi ya yi musu hoton fasfo. Hoton kakata ɗaya tilo da muke da shi aikinsa ne, da hatiminsa a baya, kuma har yau bai koɗe ba. Allah ya saka masa da alheri.