«Duba» ina? Sharhi kan manuniya a ƙamusun Hausa na kwamfuta

Wannan ɗan sharhi ya shafi wata ƙaramar kalma wadda kowane mai aiki da ƙamus ya saba da ita, wato «duba», abin da ake kira renvoi da Faransanci. A nan za mu kira ta manuniya. A takarda aikinta mai sauƙi ne: marubuci ya ce duba kalma kaza, mai karatu ya juya shafi. In bai same ta ba ya yi tsaki ya wuce. Amma tun da ƙamusunmu suka koma cikin kwamfuta, manuniya ta zama wurin da ake gane ingancin aiki ko rashinsa, kuma a ganinmu har yanzu ba a ba ta kulawar da ta kamata ba.

Ya dace a fara da yabo. Aikin DiLAF, wanda Chantal Enguehard da Mathieu Mangeot suka jagoranta tare da abokan aikinsu na Yamai, ya ɗauki ƙamusun Soutéba, ciki har da na Hausa da Faransanci na 2008 mai gurabe fiye da 7000, ya mayar da su daga Word zuwa XML. Hanyar da aka bi mai hikima ce: an dogara da salon rubutun da ke cikin fayil don a gane ina ne kalmar kai, ina ne ma'ana, ina ne misali, sa'an nan aka ba kowane sashe tambarinsa. Rubutu mai ado ya koma rubutu mai tsari. Sai dai duk ƙamusun da aka ciro daga takarda yana gadon manuniyarsa a matsayin baƙaƙe kawai, domin takarda ba ta da wani abu bayan baƙaƙe. Tambari yana gaya wa na'ura cewa ga manuniya, amma ba ya gaya mata inda ta nufa.

Masu rubuta manhaja sun daɗe da shan wannan wahala a takardun bayanin ayyukansu, kuma sun yi mata magani. A LaTeX, wanda ya nuna lakabin da babu shi sai ya ga alamun tambaya biyu a shafinsa tare da gargaɗi. Doxygen, tun 1997, da Sphinx, tun 2008, suna yin ƙorafi in manuniya ta faɗa rami. A Eclipse ko IntelliJ, in aka sauya sunan wani sashe na manhaja, na'ura tana bin wuraren da aka nuna shi a bayani ta gyara su. Dalili ɗaya ne: manuniya tana ɗaure da abin da ake nufi, ba da yadda aka rubuta sunansa ba. XML kansa, tun 1998, yana da ID da IDREF don wannan bukata.

Mu kuwa yawancinmu a Shoebox da Toolbox na SIL muka koyi aiki, inda filin \cf ke ɗauke da kalma tsurarta, na'ura ta je neman mai kama da ita. Ga Hausa wannan hanya tana da ramuka uku, kuma na farko ya fi kowanne zurfi. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. «Duba gari» ina ya nufa, garin da ake zama ko garin tuwo? «Duba wuya», ta jiki ko ta rayuwa? Ana sa lamba, a ce gari 1 da gari 2, amma ran da wani ya shigar da gurbi na uku a tsakaninsu, duk manuniyoyin da ke wasu shafuka sai su koma nuna maƙwabci. Kuma ba gargaɗin da zai fito, tun da kalmar tana nan. Manuniyar da ta ɓata an fi saurin kama ta. Wadda ta kai mutum gidan da ba shi ba ita ce ke yin shekaru ba a sani ba.

Rami na biyu na ƙa'idar rubutu ne. A Nijar muna rubuta ƴaƴa, bisa ƙa'idar 1999, a Nijeriya kuma 'ya'ya. Ga na'ura kalmomi biyu ne. Waƙafin sama ma iri uku ne aƙalla a Unicode, kuma Word yakan musanya ɗaya da wani ba da shawara ba. Ƙari a kan haka, XML ba ya yarda waƙafin da ke kan allon rubutu ya shiga ID, don haka jama'a da sana'a ba za su zama shaidar kansu ba.

Na uku ya fi shafar mai aiki da harsuna biyu. Mun gani da idonmu a wani ɗan ƙamus na sarautun Damagaram da ɗalibai suka shirya: a ɓangaren Hausa an rubuta Ciroma da Zango, a na Faransanci Tchiroma da Zengou, yadda aka saba gani a takardun Faransanci. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya fito da rubutu iri uku. Da aka zo daidaitawa, an gyara kalmomin kai, manuniyoyi kuwa suka tsaya a tsohon rubutu, har mai neman Yerima daga gurbin Ciroma ya rasa hanya. Ba laifin ɗaliban ba ne. Kayan aikin da muka ba su ne ba su iya ba.

FLEx, wanda ya gaji Toolbox, ya warware yawancin wannan, domin yana ɗaure gurbi da gurbi ta lambar shaida ta ɓoye, ya nuna wa mai gyara kalmar kawai. A sauya rubutu, manuniya ta bi. Amma yana da nauyi ga tsofaffin kwamfutoci, alhali fayil ɗin Toolbox ana buɗe shi da kowace manhajar rubutu, ko bayan shekara ashirin. Shawararmu ga masu digiri na biyu da na uku ita ce su ba kowane gurbi lamba marar ma'ana tun ranar farko, kada su sake ta ko da gurbin ya sauya suna, kuma a binciki dukan manuniyoyi da na'ura kafin a miƙa kundi.

Saura abin da ba manhajar da za ta yanke mana. Manuniya tana da alkibla: daga ƙaramin gurbi take zuwa babba. In an rubuta «zamna, duba zauna», ko «amre, duba aure», an riga an ce wane ne ɗan gida, wane ne baƙo. A takarda ƙarancin wuri ne hujja. A XML wannan hujja ta faɗi, domin ana iya ɗaure zamna da zauna a matsayin ƴan uwa, kowanne da yankinsa a rubuce, a bar mai bugawa ya zaɓi wanda zai sa gaba gwargwadon masu karatunsa, na Kano ne ko na Tawa ko na Damagaram. Ƙamusun da aka juya daga takarda yana zuwa da alkiblar takardarsa, kuma sake duba ta gurbi bayan gurbi aikin masana harshe ne na wannan sashe.