Laniakea: Ɗan Bidiyon da Ba Ya Gundura

Wanda bai kalli ɗan bidiyon da mujallar Nature ta saki a watan Satumban 2014 kan Laniakea ba, wallahi an yi babu shi! Ko minti biyar bai kai ba, amma ya nuna mana wurin zamanmu a sararin samaniya.

Binciken da aka gina bidiyon a kai aikin Brent Tully ne na Jami'ar Hawayi, tare da Hélène Courtois da Yehuda Hoffman da Daniel Pomarède. Sun tattara bayanan tafiyar galaksi sama da 8,000, wato manyan garkunan taurari irin namu na Milky Way. Sai suka cire gudun da faɗaɗar sararin samaniya ke sa su, ya rage tafiyar da ƙarfin jan nauyi kaɗai ke jawowa. Nan basirar take. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Jos, wani Binuwai zai bi, wani Tafkin Chadi; haka suka shata iyaka, duk galaksin da ke gangarowa wuri ɗaya 'yan gida ɗaya ne. Gidanmu, wato Laniakea, ya ƙunshi galaksi kusan 100,000, faɗinsa tafiyar haske ta shekara miliyan 500 da 'yan kai. Mu kuwa can gefe aka ajiye mu.

Hoton fa? Tubarkalla! Siraran layuka ne ke kwararowa ta ko'ina suna haɗuwa a yankin da masana ke kira Great Attractor, ga maƙwabciyarmu Perseus-Pisces tana jan nata jama'ar ta wata fuskar. Ana juya taswirar a hankali har sai ka ji kanka na juyawa.

Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne duk girman nan ba ɗaure yake ba. Jan nauyi yana karkata tafiyar galaksin, amma bai isa ya riƙe su ba, domin tun 1998 aka gano cewa faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi, kuma ɓoyayyen makamashin da ke tura ta zai wargaza Laniakea. Ƙananan rukunai ne za su tsira tare, irin namu da Andromeda, wadda ke nufo mu da gudun kilomita kusan 110 a kowace daƙiƙa.

Malaman kimiyya, don Allah ku haska wa ɗalibanku shi, a babban allo in da hali, domin waya tana cinye rabin kyansa.