Ina Mahauci a Ƙagaggun Labaranmu?

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, shanu da raƙuma da tumaki kan tsallako daga ɓangaren Birnin Ƙonni su cika kara, dillalai na ta ciniki, manyan motoci na jiran lodi zuwa kudu. A gefe kuma akwai mutumin da ya zo neman sa ɗaya tak, wanda zai kora zuwa gari kamar Darna Sabon Gari, ya yanka da asuba, ya sayar kafin rana ta ɓata naman. Sau da yawa aikin da ubansa da kakansa suka yi ke nan. Shi muka nema a cikin ƙagaggun labaran Hausa da muka karanta, muka tarar ba a cika ba shi wurin zama ba.

Abin mamakin shi ne adabin baka bai yi masa wannan rowar ba. Kalangu kiɗan mahauta ne tun asali. Dambe da hawan ƙaho wasannin rundawa ne, kuma a fagen damben Ɗan Anace ya yi suna da waƙar Shago. Makaɗi ya san sunan mahauci da na ubansa, ya san wa ya gada. Da aka zo kan rubutu sai aka bar shi a bakin kasuwa. Tun littattafan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, taurarinmu matafiya ne da mayaƙa da malamai. Da adabin kasuwar Kano ya zo, sai alhazai da 'yan boko suka karɓe filin. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya nuna yadda dukiya ke shiga tsakanin masoya, kuma marubuta da dama sun bi sawunsa. To amma talauci abu ne da tauraro kan fita daga cikinsa kafin babin ƙarshe. Asali fa? Saurayin da aka hana wa yarinya don kakansa ya riƙe wuƙar fawa, ko ya yi kuɗi ba a fasa yi masa gori. A ganinmu nan ne alƙalaminmu ya ji tsoro.

Ba sabuwar magana ba ce. A 1959 masanin nan M. G. Smith ya rubuta yadda Hausawa ke jera sana'o'in gado, ya nuna an ajiye fawa can ƙasa, alhali kuwa Sarkin Fawa na da rawani, kuma ba suna ba biki sai da mahauci. Mutumin da kowa ke bukata amma ake ƙyamar haɗa jini da shi, ai shi ne tauraron da marubuci ke nema.

Ga kuma tarihi a kwance. Mu ɗauki gidan fawa ɗaya a ƙasar Illela, mu bi shi zuriya uku. Kakan ya ga farin 1973, lokacin da makiyaya ke zubar da dabbobi a kan kuɗi kaɗan don kada su mutu a hannunsu. Uban ya ga annobar bushiya ta 1983, ya ga rufe iyaka a 1984, shekarar yunwar da mutanen Nijar suka laƙaba wa sunan Buhari. Ya kuma ga an karya darajar sefa da rabi a 1994. Jikan ya ga an garƙame iyakar a 2019, an sake garƙame ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, shekarar da ƙarancin takardun naira ya sa mai tukubar tsire ya koyi karɓar tiransifa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya shigo gidan ta hanyar bashi, domin fawa sana'ar amana ce: a ɗauki dabba yau, a biya bayan an sayar. Ɗa kan gaji wuƙa, ya gaji sunan da ya sa dillali ke yarda da shi, wani lokacin ya gaji bashin ma. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya nuna mana manyan 'yan fasa-ƙwauri. Har yanzu muna jiran littafin da zai nuna ƙaramin mai sana'ar da iyakar ke ɗagawa tana kayarwa.

Sai dai muna da gargaɗi ga wanda zai ɗauki aikin. Kada ya mai da shi wa'azin cewa sana'a duk ɗaya ce, ya rufe littafin da ɗaurin aure da yafiya. Ya tashi da asuba ya je kwata, ya ga yadda ake fiɗa, ya ji yadda ake kasa watanda gab da Salla, ya tambayi matan gidan abin da ke faruwa ranar da nama ya yi kwantai. Ya kuma saurari jikan da ya gama digiri yana ɓoye sana'ar gidansu ga abokansa, alhali da kuɗin kayan ciki da ganda aka biya masa makaranta. Tsofaffin da suka ga 1973 suna ta ƙarewa, kuma ba mu ga wanda ke rubuta abin da suka sani ba.