Ziriums da Gadon Zambo

A Dutsi na fara jin waƙar "Girgiza Kai" ta Nazir Ahmad Hausawa, wato Ziriums. Dattawanmu suka ce kwaikwayon mawaƙan Amurka ne. Ban yarda ba. Kiɗan gambarar zamani aro ne, amma harshen namu ne: zambo da habaici, makamin Mamman Shata, wanda aka binne a Daura a 1999. Ziriums ya auna masu tace finafinan Kano da shi, har kotu ta haramta waƙar a 2009. A ganina rauninsa ɗaya ne, fushi kan rinjayi azancinsa, alhali Shata kan soki mutum jama'a na dariya. Sai dai waƙar da ba ta taɓa kowa ba, ba a kai ta gaban alƙali.